Dariyar da aka yi mini a kan waƙar Kenny Rogers

Har yau abin yana ci mini rai, shi ya sa na ga gara in rubuta ko na samu sauƙi.

A wurin aikina a nan Nashville, jihar Tennessee, akwai rediyo a ɗakin da muke cin abinci. Ran nan aka sako "Lady" ta Kenny Rogers. Ashe bakina yana bin waƙar baiti bayan baiti, sai ji na yi ɗakin ya yi tsit. Wani saurayi Bature ya tuntsire da dariya, wai a ina ɗan Afirka ya san waƙar kakarsa? Wata baƙar fata 'yar ƙasar kuma ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in don in burge Turawa nake yi, in hutar da kaina. Wallahi maganarta ta fi dariyar zafi. Na ɗauki abincina na ƙarasa ci a mota.

Su a ganinsu waƙar kantiri ta tsofaffin Turawan kudu ce, masu malafa da a-kori-kura. Mu kuwa da ita muka tashi a Kaduna. Don Williams, Jim Reeves, Dolly Parton, a rediyo ka ji su, a shagon tela ka ji su, a motar haya ka ji su. Wa muke burgewa a lokacin?

Amsa tana cikina, ɓacin rai ne ya ɗaure mini harshe. Waƙar da ta ce ta Turawa ce, Lionel Richie ne ya rubuta ta, baƙar fata ɗan'uwanta, kuma a 1980 ta yi mako shida tana ta ɗaya a babban jadawalin Billboard, wanda ya haɗa kowane irin kiɗa, ba na kantiri kaɗai ba. A 1983 Kenny Rogers ya sake hawa can da "Islands in the Stream", shi da Dolly Parton, waƙar da 'yan Bee Gees suka rubuta. A 1985, da aka tara mawaƙa don agajin yunwar Habasha, yana cikin waɗanda suka rera "We Are the World". Yaron da ya tashi a gidajen talakawa na gwamnati a Houston, muryarsa ta tsallake shingen kantiri tun kafin a haifi masu yi mini dariya, amma ni ne za a ce ban da hurumi a kanta.

Sai da na zo nan na tarar ashe fuskar talabijin ce shi. Wani dattijo mai shara a wurin aikinmu, wanda ya ga abin da ya faru bai ce uffan ba, ya same ni daga baya ya ba ni labarin fim ɗin "The Gambler", wanda aka gina a kan waƙarsa ta ɗan caca, da tashar CBS ta nuna a 1980, yadda gida-gida aka zauna kallo. Sai da aka yi guda biyar, na ƙarshe a 1994. Na nemo na farkon na kalla ni kaɗai, ina ta tunanin abin da Baba zai ce. Shi dai in waƙar ɗan cacar nan ta zo, danna kaset yake yi gaba, ya ce Allah ya raba mu da caca. Tasa ita ce "Coward of the County", wadda ita ma aka mayar fim ɗin talabijin a 1981.

Ni ɗan fari ne. Baba ba ya kiran sunana, ba mu taɓa zama mun yi doguwar hira ba. Amma duk Sallah in za mu Funtuwa, ni ke zama gaban Fijo 504 ɗinsa, ni ke juya masa kaset, in ya sarƙe in gyara da biro. Daga Kawo har mu wuce Zariya ba mai magana, sai mai farin gemun nan yana ta yi. Hirarmu ke nan.

Da Kenny Rogers ya mutu ranar 20 ga Maris 2020, yana da shekara 81, korona ta rufe ko'ina, Najeriya na shirin rufe filayen jirgin sama. Ina kwance waya ta yi ƙara, na ga lambar Baba. Gabana ya faɗi, don kullum ta bakin Inna saƙonsa ke zuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ka ji mutumin nan ya mutu?" Muka yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai abinci a gidan, ya ce in rage fita.

Da gari ya buɗe na je gidan tarihin mawaƙan kantiri da ke tsakiyar birnin nan, inda aka shigar da sunansa a 2013, na ɗauki hoto kusa da allonsa na tura gida. Ƙanena ya ce Baba ya zaga da wayar a majalisarsu kaf, yana cewa yaron nan a garin mawaƙan yake aiki. Ban gaya masa zancen dariyar ba, kuma ba zan gaya masa ba.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, tuƙi ya gagara, motar tana jibge a ƙofar gida ƙura ta lulluɓe ta. Ga bikin autarmu bayan Babbar Sallah, ga takarduna ba su fito ba balle in sa ranar zuwa. Ƙannena sun haɗa baki a sayar da Fijon a yi aikin idon. Jiya muka yi sa-in-sa da ƙanena a waya har Inna ta shiga tsakani. Na ce kuɗin aikin zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda, ko da zan ƙara aikin dare, motar dai kada wanda ya taɓa ta sai na zo.