Zoɓo da kanwa a ajin kimiyya

Ina koyar da kemistiri a lesin ɗin yamma a Tudun Wada, kuma yawancin yaran da ke zuwa wurina sun haddace cewa asid in ya haɗu da bes sai a samu gishiri da ruwa. Su rubuta maka HCl + NaOH → NaCl + H₂O babu tangarɗa. Amma tambaye su ko sun taɓa gani da idonsu, sai aji ya yi tsit. Wata ɗaliba ta ce min, "Malam, mu fa a makarantarmu sai ana gobe jarrabawar WAEC ake fito da buret daga kabad." Buret dogon bututun gilashi ne mai awo da ake ɗiga ruwa da shi. Ban yi mamaki ba.

Abin haushin shi ne kullum ana wannan aikin a gidajenmu. Ƙullun waina in ya kwana ya yi tsami, me ake yi masa? A jiƙa kanwa a ɗiga. Kanwa sodiyam kabonet ce galibi, wato bes, tsamin kuwa asid ne, ita ce ke karya shi. Haka ake wa yakuwa a miyar taushe. Matsa lemun tsami a kan garin kanwa ka ga yadda zai yi ta tsiri da kumfa: iskar CO₂ ce ke fita. Tsamiyar kunu asid ɗin tatarik ke cikinta, lemun tsami kuma sitirik.

Takardar litmos, wadda launinta ke nuna asid ko bes, tana mana wuya, don haka zoɓo nake sayowa a kasuwar Sabon Gari. In jiƙa shi a ruwan zafi, ba sukari ba citta, in tace, in raba a ƙananan kofuna masu haske. Wanda aka ɗiga wa lemun tsami ya ƙara ja jawur. Wanda aka zuba wa ruwan kanwa ko ruwan toka sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya koma kore-kore. Sai in ce wa ɗaya daga cikinsu ya riƙa ɗiga lemun tsami a kofin kanwar a hankali har jan ya dawo. Daga nan nake shigo da ma'aunin pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sørensen ya fito da shi a 1909: ƙasa da 7 asid, sama da 7 bes, 7 kuma tsaka-tsaki.

Zoɓo dai iyakarsa ke nan. Haɗa gishiri sai da awo, kuma nan ne yara suka fi rikicewa, domin hanyar ta danganta ne da ko bes ɗin yana narkewa a ruwa. Idan yana narkewa, kamar sodar yin sabulu (NaOH), ba ka da yadda za ka gane ya isa sai da taitireshin: ka auna 25 cm³ na ruwan bes ɗin da fifet (siririn bututun awo), ka sa ɗigon metil orenj (mai launi ne da ke juyawa kamar zoɓon), ka riƙa sako asid daga buret har launi ya juya. Ka rubuta adadin, ka sake haɗawa ba tare da mai launin ba, sannan ka ƙafar da ruwan.

Ni gishirin da ya fi burge ni shi ne kofa salfet (kofa shi ne jan ƙarfe). Bes ɗin da ake haɗa shi da shi, kofa oksaid, baƙin gari ne, ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ruwanka da buret. Ka ɗumama asid ɗin salfiyurik da aka tsarma, ka yi ta barbaɗa garin kana juyawa, ruwan yana komawa shuɗi, har sai ka ga baƙi ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa. Asid ya ƙare ke nan. Ka tace, ka ɗora a wuta ruwan ya ragu, ka sauke. Masu gaggawa su kan bar shi ya ƙafe ƙarƙaf, sai su tashi da farin gari, don sun kore ruwan da ke cikin ƙwayoyin. Wanda ya haƙura ya bar shi ya huce ya kwana, da safe zai tarar da ƙwayoyi shuɗaye masu ƙyalli.

Wannan kam ba na yarda a gwada shi a gida. Ruwan batir salfiyurik ne, yana cin tufafi da fata. In za a tsarma asid mai ƙarfi, shi ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba masa ruwa, don zai yi zafi ya fantsamo. Gwaggona mai yin sabulu ma na sha ce mata, "Gwaggo, don Allah ki riƙa sa safar hannu." Sodar da take jiƙawa bes ce, amma ƙunarta ba ta gaza ta asid ba.