Na bi sawun mutuwar Sarki John a Landan

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a tashar Embankment wajen ƙarfe goma na safe, ga yayyafi, ga iskar kogin Thames mai ratsa ƙashi. Abin da ya kawo ni ɗan guntun fim ne wanda tsawonsa bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba. A bakin kogin nan kamfanin British Mutoscope and Biograph ya ɗauke shi a 1899, a fili, domin kyamarar zamanin sai da hasken rana. Shi ne fim na farko da aka ciro daga wasan Shakespeare, wato wasan kwaikwayonsa na Sarki John.

Na sami benci a jiƙe, na shimfiɗa jaka na zauna, na buɗe fim ɗin a waya. Ɗan wasa Herbert Beerbohm Tree ne a matsayin Sarki John, a kan kujera cikin farar riga, an shayar da shi guba. Ya dafe ƙirji, ya zabura, ya ture hannun ɗansa, ya sake zubewa. Leɓɓansa na motsi da baitocin Shakespeare, amma ko tari ba ka ji. Na maimaita shi har sau huɗu, dariya na neman kuɓuce mini. Mutumin ya saba da dandamali, inda dole ka buɗe hannu sosai don na kujerar ƙarshe ya gani. Ga kyamara a gabansa, shi kuwa bai rage komai ba. Labulen bayansa ma zanen fenti ne. Ɗan sarkin da ke gefensa mace ce, Dora Senior.

Daga nan na taka a ƙafa, na ratsa dandalin Trafalgar na shiga titin Haymarket, inda gidan wasan Tree yake. A da Her Majesty's ne, tun 2023 ya koma His Majesty's. A nan aka buɗe wasan ranar 20 ga Satumba 1899, a daren kuma aka haska fim ɗin a gidan Palace. Talla ce kawai: ka ɗanɗana a majigi, ka zo ka sayi tikiti.

Fage huɗu aka ɗauka, na mutuwar kaɗai ya tsira, shi ma a ma'ajiyar fina-finai ta Amsterdam aka gano shi. Ina tsaye ina kallon ginin ruwa ya kece, na ruga wani shagon shayi da takalma sharkaf.