Haruffan da ka bari a hannu su ne rabin wasan Scrabble

Shekaru da yawa na yi ina ɗaukar kaina gwanin Scrabble, wasan da kowa yake ɗebo ƙwayoyin haruffa bakwai daga jaka yana haɗa kalmomi da su a kan allo don cin maki, ba don wani dalili ba sai don ina karanta jaridun Turanci kullum kuma na san dogayen kalmomi. Wanda ya sauke mini wannan girman kai ɗan ƙanwata ne, wanda a lokacin bai gama sakandare ba, kuma Turancinsa na magana bai taka kara ya karya ba. Da hutun ƙarshen shekara ya zo gidana, muka shimfiɗa tabarma bayan sallar la'asar, ya cinye ni sau biyar a jere, yana ajiye kalmomi masu harafi biyu ko uku waɗanda ni ban taɓa jin su ba, shi ma bai san ma'anar yawancinsu ba. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Kawu, ai ba jarrabawar Turanci muke yi ba, lissafi muke yi." Maganar ta ɓata mini rai a ranar, amma ita ce ta sa na koma na fara koyon wasan daga tushe.

Abin da ya faɗa yana da hujja tun daga asalin wasan. Wanda ya ƙirƙiro shi, Alfred Butts, mai zanen gine-gine ne a Amurka, kuma a shekarun 1930 ya zauna ya ƙirga yadda kowane harafi yake yawan fitowa a rubutun Turanci kafin ya yanke adadin ƙwayoyin da makin kowace. Shi ya sa a cikin ƙwayoyi 100 da ke jaka ake samun E har 12, A da I tara-tara, alhali Q da Z guda ɗaiɗai ne masu maki goma-goma. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a 2015 ba tare da yana jin Faransanci ba, domin haddace ƙamus ɗin ya yi kamar yadda ake haddace lambobi. A wannan shekarar ce kuma Wellington Jighere, ɗan Najeriya daga jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci huɗu ba ko ɗaya a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya na Turanci. An san 'yan wasan Najeriya da son gajerun kalmomi, wato irin salon da yaron nan ya yi mini laga-laga da shi a kan tabarmata.

Saboda haka matakin farko ga mai son ya ƙware shi ne haddace kalmomi masu harafi biyu. A ƙamus ɗin Collins, wanda da shi ake yin gasa a Najeriya da yawancin ƙasashen duniya, sun ɗan haura 120, kuma mai himma zai iya kammala su cikin mako biyu. Amfaninsu ba a makinsu na kansu yake ba. Su ne suke ba ka damar jera kalmarka a gefen wata kalma, ta yadda kowane harafi zai ci maki sau biyu, a kwance da a tsaye. Ga misali da na gani da idona a wasanmu na uku. Akwai gidan da ke ninka harafi sau uku, da A a hagunsa da O a samansa, ni kuwa ban ga komai a wurin ba. Yaron ya ɗauki X guda ɗaya tak ya ɗora, sai ga AX a kwance da OX a tsaye. X maki takwas ne, ya zama 24, aka ƙirga shi sau biyu, aka haɗa da makin wasulan biyu, jimla 50. Ni kuwa kafin nan na zubar da haruffa shida a kan wata kyakkyawar kalma da ta ba ni 19. Wanda ya riƙe QI da ZA da ZO da JO da XI da XU ya daina fargabar manyan haruffa, sai dai ya riƙa nema musu wurin sauka.

Harafin Q ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan Bahaushe yana da wata riba da ba kowa ya lura da ita ba. U guda huɗu ne kawai a jaka, don haka zaman jiran U kafin a ajiye Q asarar zagaye ce. Da yawa daga cikin kalmomin da ke ɗaukar Q ba tare da U ba daga Larabci Turanci ya aro su, kuma mun riga mun san su tun daga makarantar allo: QADI shi ne alƙali, QIBLA ita ce alƙibla, ga FAQIR da NIQAB. Haka ma HAJJ da ZAKAT da IMAM duk karɓaɓɓu ne a Collins, kamar yadda NAIRA da KOBO suke. Ranar da na fara ajiye QADI sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a ƙasar waje.

Amma darasin da ya fi canza mini wasa, wanda kuma na fi jinkirin karɓa, shi ne cewa bayan makin da ka ci, dole ka dubi haruffan da suka rage maka. Wata rana ni ne mai buɗe wasa, hannuna akwai E, O, R, S, T, V, W. Cikin jin daɗi na ajiye VOTERS, V ta hau gidan da ke ninka harafi sau biyu, kalmar buɗe wasa kuma ana ninka makinta biyu, na samu 26, na bar W ita kaɗai. Bayan an tashi yaron ya mayar da ƙwayoyin yadda suke ya nuna mini VOW, wadda 18 kawai take bayarwa. Na ce masa ai wannan ragin maki takwas ne, sai ya ce in dubi abin da ya saura a hannu, wato E, R, S, T. Waɗannan huɗun suna cikin haruffan da suka fi saurin haɗuwa su ba da kalma mai harafi bakwai, wadda ake kira bingo, kuma duk wanda ya zubar da ƙwayoyinsa bakwai a zagaye ɗaya ana ƙara masa 50 a kan makin kalmar. Ni na sayar da S da mafi kyawun haruffana a kan maki takwas, na riƙe harafin da ba shi da abokin tafiya. Tsakanin ƙwararru, bingo biyu ko uku a wasa ɗaya abu ne na yau da kullum, kuma ba sa'a ce take kawo su ba, tanadi ne da ake yi zagaye bayan zagaye.

Daga nan na koyi wasu ƙa'idoji da nake bi har yanzu. Ina ƙoƙarin barin baƙaƙe da wasula daidai wa daida, ko baƙaƙen su ɗan rinjaya, kuma ina rabuwa da maimaitaccen harafi da wuri, musamman I biyu ko U biyu. S guda huɗu ne kacal, ba na kashe ta sai idan ta ƙara mini aƙalla maki takwas zuwa goma a kan abin da zan samu ba tare da ita ba. Ƙwayoyin nan biyu marasa harafi kuwa, waɗanda ba su da maki amma suna tsayawa a madadin kowane harafi, su ne dukiya mafi tsada a jaka, kuma kusan kullum ajiye su nake yi don bingo. Idan hannu ya lalace gaba ɗaya, misali wasula shida, babu kunya a mayar da su jaka a canza, muddin akwai ƙwayoyi bakwai ko fiye a cikinta. A da ina ganin canji gazawa ce, sai in yi zagaye uku ina cin takwas-takwas don kada a ce na kasa.

Wajen haddar kalmomi masu harafi bakwai, bin ƙamus daga shafin farko ɓata lokaci ne. Ana farawa ne da haruffan da suka fi yiwuwar haɗuwa a hannu. A, E, I, N, R, S, T kaɗai suna ba da RETAINS da NASTIER da RETINAS da STAINER da wasu ƙari, kuma samun hanya fiye da ɗaya yana da amfani domin wata kalmar za ta shiga allo inda wata ba za ta shiga ba. Ina amfani da manhajar Zyzzyva wajen bita na minti ashirin bayan asuba, kuma idan wasa ya ƙare nakan shigar da shi a manhajar Quackle ta nuna mini inda na yi kuskure, abin da ba ya yi wa mai girman kai daɗi ko kaɗan. Sannan akwai harafin da ake liƙa wa kalmar da ke kan allo ta gaba ko ta baya: RAIN tana zama TRAIN ko BRAIN ko GRAIN ko RAINY, kuma kowace ƙofa ce ta shiga sabon layi.

Tsaro yana da nasa wurin, ko da yake sababbin 'yan wasa sukan wuce gona da iri a kansa. Gidajen da ke ninka kalma sau uku guda takwas ne, duk a gefen allo, kuma buɗe wa abokin karawa ɗaya daga cikinsu a kan ɗan ƙaramin maki wauta ce. Idan ina kan gaba da tazara mai yawa nakan toshe layuka, kuma V tana taimakawa a nan domin babu wata kalma mai harafi biyu da take ɗauke da ita. Idan ina baya kuwa dole in buɗe allo ko da akwai haɗari, tunda rufaffen allo mai rinjaye yake yi wa aiki.

Ƙarshen wasa shi ne inda har yanzu yaron yake fina. A gasa an yarda ka riƙe takarda kana soke kowane harafi da ya fito, saboda haka idan jaka ta ƙare kana iya sanin ainihin abin da ke hannun abokin karawarka. Ana cire wa mutum makin haruffan da suka maƙale masa, wanda ya riga gamawa kuma ya amfana da su. A hutun da ya wuce ina gaba da 14, jaka babu komai, Q tana hannuna, kuma wuri ɗaya ne ya rage da za ta shiga, kusa da wata I a ƙasan allo. Ya dubi takardarsa, ya dube ni, ya ɗora kalma mai maki shida daidai wurin, sannan ya ci gaba da ajiye sauran haruffansa ɗaya bayan ɗaya ina kallo ba ni da abin sakawa. Da maki 23 ya cinye ni, kuma tun daga ranar ban sake zama wasa ba tare da biro da takarda a gefena ba.