Na fara saka takalmi mai tsini bayan na haura hamsin

Ban taɓa mallakar takalmi mai tsini ba sai da na haura shekara hamsin. Ƙuruciyata duk a fulat na yi ta, domin aikina na tsayuwa ne, ga goyo, ga sauri kullum. Da yara suka girma, hidima ta ragu, sai na lura da wani abu da ya dame ni: na fara tafiya ina jan ƙafa, kafaɗu a zube, kai a sunkuye, alhali lafiyata lau. Tsufa bai iso ba tukuna, amma jikina har ya fara yi masa shimfiɗa.

Na farko da na saya diddigensa mai faɗi ne, tsayinsa santimita 5, da maɗauri a idon sawu. Da na miƙe a cikinsa sai na ji ƙuguna ya gyara zama, ƙirjina ya buɗe, haɓata ta ɗago da kanta. Takuna ya gajarce, dole na rage sauri, dole na san inda zan ajiye kowace ƙafa. Shekaru da yawa ina tafiya hankalina yana can wurin da za ni, ranar ce na dawo da shi kan tafiyar ita kanta. Sai kuma ƙarar: ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan tayil. Mace idan ta manyanta mutane sukan daina ganinta ba da gangan ba. Za ki shiga taro a gaishe ki da ladabi, a ba ki kujera, daga nan a manta kina wurin. Ƙarar nan tana riga ni shiga, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

'Yata ce ta fara magana. "Mama, yanzu kuma? Ki tausaya wa gwiwarki mana." Wata ƙawata ta ce ai wannan kayan 'yan mata ne. Maganar ƙawar tawa ba ta tsaya mini a rai ba, domin tarihi bai goyi bayanta ba. Mahaya dawaki na ƙasar Farisa ne suka daɗe da saka takalmi mai diddige, don ƙafa ta kama likkafa idan mutum ya miƙe zai harba kibiya. Bayan Sarki Abbas na ɗaya ya tura jakadunsa Turai a 1599, manyan mazan can suka ɗauka suna ado da shi. A sanannen zanen da aka yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 a 1701, yana tsaye ne a kan takalmi mai jan diddige, kuma a lokacin ya haura shekara 60. Siririn tsinin nan da muka sani yau sai a shekarun 1950 ya yaɗu, da aka fara sa masa ƙarfe a ciki don kada ya karye.

Maganar 'yata kuwa na ɗauke ta da muhimmanci, domin tana da gaskiya. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26, kuma an tsara ta ne ta raba nauyin jiki tsakanin dunduniya da gaban tafi. Kina ɗaga dunduniya, nauyin ya gangaro gaba, ya taru a tushen yatsu. Matsalar ga mai shekaru irin nawa ita ce kitsen da ke ƙarƙashin wurin, wanda yake tare wa ƙashi dukan ƙasa, yana sirancewa da girma. Shi ya sa yarinya za ta wuni a tsaye tana dariya, ni kuwa tun kafin taro ya yi nisa zan ji tafina yana raɗaɗi kamar na taka garwashi. Ƙafar ma tana ƙara faɗi da shekaru, saboda jijiyoyin da ke riƙe ta suna saki. Lambar da kike sakawa kina da talatin ba lallai ta shige ki yanzu ba.

Wani bincike da aka yi a Manchester ta Ingila a 2010 ya gano cewa matan da suka daɗe suna saka mai tsini kusan kullum, zaren naman dambubunsu ya gajarce da kimanin kashi 13 cikin 100, agararsu kuma ta yi kauri ta yi tauri. Shi ne dalilin da ya sa wasu idan suka sauko fulat suke jin ciwo. Game da gwiwa kuma, likita Casey Kerrigan da abokan aikinta sun nuna a 1998 cewa dogon diddige yana ƙara wa gwiwa lodi, a 2001 suka ƙara da cewa mai faɗin ma bai raga mata ba. Wannan na biyun ya ba ni mamaki. Faɗin diddige yana kare ki daga targaɗe ne, amma gwiwa tsayi take ƙirgawa.

Da wannan sanin na shirya da jikina. Ba na wuce santimita 5 ko 6. Ina sayen takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, in gwada duka biyun, in yi ta zagaye a cikinsu har sai na gamsu. Idan mai sayarwa ya ce, "Mama, zai buɗe in kin saka," sai in yi masa godiya in ajiye. Wanda ya matse ni a ranar farko ba ya bina gida. Bakin takalmin dole ya bar yatsuna su baje, kuma akwai ɗan matashi mai laushi da nake liƙawa a ciki, daidai tushen yatsu.

Tafiyar ma sai da na koye ta, a cikin ɗaki, hannuna kusa da bango. Dunduniya ce take fara sauka, sannan yatsu, gwiwa ta miƙe, ido yana kallon gaba. Hawa matakala da gaban tafi ake yi, sauka kuma sai an ɗora ƙafar gaba ɗaya, hannu a kan ƙarfen riƙo. Kowace safiya nakan tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, in sauya, sannan in dafa bango in miƙe dambubuna. Wannan motsa jikin saboda takalmi na fara shi, amma amfaninsa ya wuce takalmi, domin faɗuwa ita ce babbar barazana ga macen da al'adarta ta ɗauke, lokacin da ƙashi yake rage ƙwari. A kan tsakuwa, ko ciyawa, ko ƙasa mai santsi, ba na gardama: fulat ɗina yana cikin jaka. Kuma nakan juya takalmin in duba 'yar robar da ke bakin tsinin. Da zarar ta cinye ta gefe ɗaya sai wurin mai gyara, don ita ce ke karkatar da idon sawu.

Abu guda da ba zan taɓa goyon bayansa ba shi ne tilas. A 2015 aka mayar da wata ma'aikaciya mai suna Nicola Thorp gida daga wurin aiki a Landan don ta ƙi saka mai tsini, takardar koken da ta buɗe kan wannan tilas kuma ta samu sa hannun mutum fiye da 150,000. Ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Daɗin abin a wurina shi ne ni na zaɓa, ni nake cirewa lokacin da na ga dama.

Ƙawata da ta ce kayan 'yan mata ne, daga baya ta zo tana tambayata wanne za ta fara da shi. Na san tana da ciwon suga, kuma ciwon yakan kashe jin ƙafa har bororo ya zama gyambo mutum bai sani ba. Na ce mata ta fara kai ƙafarta likita ya duba. Idan ya amince, zan raka ta mu nemo mai santimita 3, mai faɗin baki da maɗauri.