Na rage haƙori uku, injin ya daina ɗaukar zafi

Ƴan uwa, yau dai matsalar zafin injin motata ta wasa mai rimot ta kau. Bogina, wato motar, mai girman 1/10 na mota ta gaske, ya cinye batir 2S (mai sel biyu) cikakke a yashin bayan garin Tahoua, ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin) bai yanke wuta ba, injin ya tsaya a digiri 66. Na ji daɗi ƙwarai, don a baya minti biyar ba ya cika sai ma'auni ya nuna 85, ba ka iya ɗora masa yatsa.

Abin da na canza finiyo ne kawai, wato ƙaramar giyar da ke kan sandar injin, daga haƙori 24 zuwa 21, babbar giyar da yake juyawa tana nan a 81. Lissafin: 81 a raba da 24, a ninka da 2.6 na cikin akwatin giyar motata, ya ba da kusan 8.8, wato juyin inji 8.8 ga juyin taya ɗaya. Da 21 ya koma 10. Ku duba takardar motarku, don 2.6 ɗin nan ba na kowace mota ba ne.

Takardun saiti da muke kwasowa daga intanet, akasari an yi su ne don fili mai tauri ko kafet, a ƙasashe masu sanyi. Mu nan taya nutsewa take yi, injin yana ja kullum kamar jaki da kaya a kan tudu, ga iskar watan Afrilu da ke wuce digiri 40 tun kafin ka taɓa rimot. Babban finiyo yana sa injin jan wuta da yawa a ƙaramin juyi, wutar kuma zafi take zama. In ya yawaita wuce 80, maganaɗisun ciki yana rauni, kuma ba ya dawowa. Ni iyakata 70. A riƙa saukowa da haƙori ɗaya ko biyu, a yi gudun minti biyar, a auna jikin injin nan take kafin ya huce. Gudun miƙaƙƙiyar hanya ya ɗan ragu, amma fitowa daga kwana ta fi kaifi, kuma a nan ake cin tsere.

Wanda ya sa manyan tayoyi ya kula. Daga milimita 85 zuwa 95 tamkar ƙara wa finiyo haƙori biyu da rabi ne, ko da ba ka kwance komai ba.

Abin da har yanzu yake ɓata mini rai shi ne babbar giya. Ta roba ce, mai ƙananan haƙora 48P (lambar da ke nuna girman haƙora), tsakuwa ɗaya ta shiga ƙarƙashin murfi sai ta aske su. Kuɗin aiko da sabuwa ya fi kuɗin giyar kanta, abin da ciwo. Duk lokacin da aka canza finiyo dole a sake daidaita haɗuwar haƙora: a sa ƴar takarda tsakaninsu, a matso da injin, a ɗaure, a zare takardar. A juya giyar zagaye ɗaya ana jin ɗan motsi a ko'ina, don ba kasafai take da'ira sak ba. In ya matse, zafi ya dawo. In ya saki, haƙora su tafi. Ƙaramar ƙusar finiyo ta zauna a gefen sandar injin da aka fafe, da ɗigon shuɗin gam na ƙusa.

Gaba ina son komawa 32P mai manyan haƙora, amma sai an canza giyoyin biyu tare, 48P da 32P ba sa haɗuwa. Kafin su iso zan toshe bakin murfin da siririn soso, in kuma gwada 22 idan hunturu ya shigo.