Macijin Kusugu na siminti a tsakar gida ko bakin tabki

Mai son kafa siffar dodo a gidansa ko gonarsa a nan Damagaram (Zinder), shawararmu ya zaɓi maciji. Muna da namu a labarin Bayajidda: Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Dalilin zaɓin ba tarihi kaɗai ba ne. Dodo mai fukafukai da siraran ƙafafu a gaɓoɓi yake fara tsagewa, shi kuwa maciji kwance yake, ƙasa ke ɗauke da nauyinsa. Amma kafin a sayi ko buhu ɗaya, a ji ta bakin malami da mutanen gida, don malamai da yawa suna hana sassaƙa siffar abu mai rai.

Maciji mai tsawon mita 3 da kaurin santimita 30 zai ci wajen buhu 3 na siminti mai kilo 50, har da gindinsa. Ƙarfe sanda biyu lamba 8, biyu lamba 6 (lambar ita ce kaurin ƙarfen a milimita), sai ragar kaji da wayar ɗauri.

A haƙa gindi santimita 40, a zuba kankare: awo ɗaya siminti, biyu yashi, uku tsakuwa, a bar ƙarafa a tsaye da za a ɗaura jikin a kansu. Lamba 8 guda huɗu su bi tsawon jiki, lamba 6 a lanƙwasa shi zobe-zobe duk bayan santimita 20. A wuya, inda kai ya ɗaga, a matso da zobban zuwa santimita 10, domin nan yara za su riƙa rataya ko an hana su. A cusa robobin ruwa marasa komai a ciki don rage nauyi, a naɗe da raga ninki biyu.

Kwaɓin yaɓe ɗaya ne bisa uku: awo ɗaya siminti, uku yashi. A gwada yashin tukuna: a zuba a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. In laka ta kwanta da kauri a samansa, sai an wanke, in ba haka ba yaɓen zai riƙa zuba kamar gari. Shafi biyu ake yi, kowanne santimita 2, a karce na farko da ƙusa don na biyu ya kama. Ƙarfen da bai samu rufin kirki ba zai yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa simintin daga ciki. Ɓawon jiki kuwa da bakin cokali ake danna shi idan yaɓe ya fara ɗaurewa, daga wutsiya zuwa kai. A toshe maƙogwaro sarai. Rami mai duhu da sanyi, kunama da macijin gaske ne za su tare.

Inda aikin ya fi lalacewa a garin nan shi ne shayarwa. Siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, kuma iskar hunturu ko zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 kan zuƙe ruwan kafin ya gama. Kwana 7 ne mafi ƙaranci. Da yake ruwa tsada gare shi a Zinder, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a rufe da leda, a danne da duwatsu; bokiti ɗaya safe da yamma ya isa. Fenti sai bayan kwana 28, in an yi gaggawa zai saɓule. Mu dai mun fi son garin kala a cikin shafi na biyu, kada ya wuce kilo 2 da rabi a buhu, domin rana ba ta saurin cin sa.

Bakin tabki lissafinsa daban. A yi aikin da rani, a duba alamar inda ruwan Agusta ya tsaya, a kafa sama da nan. Laka tana kumbura da damina ta tsattsage da bazara, saboda haka a haƙa har a taras da ƙasa mai tauri. In akwai falalen dutse irin na unguwar Birni kusa, a huda shi a dasa ƙarafan kai tsaye. Kaurin simintin da ya rufe ƙarfen ya kai santimita 4, musamman a ruwa mai kanwa. Kuma a nisanta macijin da wuri mai zurfi, tunda duk yaron da ya hango shi sai ya je.