Talata, da maganar digirin Anti

An kawo wuta da asuba, har na samu na goge kayan makarantar yara na sati guda. Koko da ƙosai, Baban yara ya ajiye ni a bakin get. Na shiga aji da fara'ata.

Da aka fita tara Anti ta yafito ni zuwa gindin dalbejiyar nan. "Malama, zo ki taya ni murna." Ta miƙo min waya. Talla ce ta wata jami'a ta intanet: digiri cikin shekara ɗaya, ba jarrabawa, karatu ta WhatsApp, kwali kuma har gida za a aiko miki. Ta riga ta tura rabin kuɗin, kwasar adashinta kenan gaba ɗaya.

Na ce, "Anti, NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta san da su kuwa?" Ta ce ai ta ƙasar waje ce, wakilinsu ne a nan. Na ce in ga asusun da ta tura kuɗin. Sunan mutum ne, ba na makaranta ba. Nan gabana ya faɗi. Na buɗe shafin NUC a wayata, muka bi jami'o'in tarayya, na jihohi, masu zaman kansu, har da cibiyoyin da aka yarje wa koyarwa daga nesa. Ko mai kama da sunan babu. Na tuna mata labarin Umar Audu, ɗan jaridar Daily Nigerian da ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, da yadda a Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Na ce idan har waɗanda suka je can da ƙafarsu sun shiga tasku, ina ga wanda ko ginin makarantarsa bai taɓa gani ba?

Ta yi shiru, ta karɓi wayarta, sannan ta ce, "Ke da kike NOUN ɗin, shekara nawa yanzu?"

Wallahi ta same ni. Uku. Da NCE ɗina na shiga aji biyu a NOUN ɗin, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa da ake karatu daga gida, ga shi har yau ina fama. TMA, wato aikin gida da ake ba mu maki a kai, cikin dare bayan yara sun yi barci, data ta ƙare ana tsakiyar aiki, jarrabawa kuma dole ki kai kanki cibiyarmu ta nan Gusau ki zauna, a duba katinki, a dubi fuskarki. Na ce mata wannan wahalar ai ita ce shaidar makarantar gaske, wadda ba ta jarraba ki ba me za ta rubuta a kwalin? NOUN tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, aka farfaɗo da ita a 2002, tushenta a fili yake. In ba ta yi mata ba, ga cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya.

Sai ta ce, a hankali, "Yaran da na koya wa baƙi da wasali yanzu su ke sa hannu a takardata. Ba ni da shekara huɗu, Malama." Ban iya cewa komai ba. Aka kaɗa ƙararrawa.

Abin da ke ci na, a gaban malamai biyu na yi ta jero mata hujjoji kamar ina gaban alƙali. Matar da ta riƙe min aji lokacin da na haifi auta. Da na ja ta gefe. Gaskiya na faɗa, amma ita murna ta kira ni in taya ta.

Kasuwa bayan la'asar, tumatir sai kallo. Tuwon dawa miyar kuka. Inna ta kira, ƙafar da sauƙi.

Baban yara ya ce ta kira mutumin ta nemi kuɗinta tun bai kashe waya ba. Na tura mata hakan, na haɗa da ban haƙuri, na ce ranar Asabar in tana so mu je cibiyar tare ta yi tambaya da bakinta. Ta buɗe saƙon tun ƙarfe tara. Yanzu sha ɗaya saura, TMA ɗaya na jira na, ni kuma sai duba waya nake yi.